Tom Simpson: Zakaran Tseren Keke Da Ƙwaya Ta Hana Jin Gajiya Har Ajali Ya Riske Shi

A ranar Alhamis, 13 ga Yulin 1967, mako guda bayan ɓarkewar yaƙin basasar Najeriya, wani ɗan tseren keke ɗan ƙasar Ingila ya faɗi a gefen hanya kusa da ƙololuwar dutsen Ventoux da ke kudancin Faransa, bai kuma sake tashi ba. Sunansa Tom Simpson, shekarunsa 29, kuma shekara biyu kafin wannan rana shi ne zakaran duniya. Da aka bincika aljihun rigarsa, sai aka tarar da 'yan kwalabe uku na ƙwayar amfetamin, biyu babu komai a cikinsu, ta ukun kuma an sha rabi.

Mai karatu da ke Mile 2 ko Agege a Legas zai iya ganin babu abin da ya haɗa shi da Baturen da ya mutu a wata uwa duniya fiye da rabin ƙarni da ya wuce. Amma duk mai neman abinci da ƙarfin jikinsa, ɗan dambe ne ko ɗan ƙwallo ko ɗan dako, ya san irin jarabar da ta ci Simpson: ranar da jiki ya ce ya gaji, alhali aljihu ya ce da saura. Tarihinsa na nuna abin da abinci da ruwa suke yi wa mai motsa jiki, da abin da ƙwaya take yi masa, da kuma tazarar da ke tsakanin biyun.

Ɗan mai haƙar kwal

An haifi Thomas Simpson a ranar 30 ga Nuwamban 1937 a ƙauyen Haswell da ke arewa maso gabashin Ingila. Shi ne auta a cikin 'ya'ya shida na wani ma'aikacin ramin kwal. A 1950 iyalin suka koma Harworth, wani garin masu haƙar kwal a yankin Nottinghamshire. A can ne ya fara hawa keke, yana kai wa mutane kayan masarufi daga kanti zuwa gidajensu, sannan ya shiga ƙungiyar tseren keke ta garin yana ɗan shekara 13. Da ya bar makaranta sai ya kama koyon zanen injuna a wani kamfani da ke Retford, kullum yana zuwa yana dawowa a kan keke, tafiyar da ta zame masa atisaye.

Bai daɗe ba sunansa ya fito. A gasar Olamfik ta 1956 da aka yi a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, yana cikin tawagar mutum huɗu da ta ciyo wa Birtaniya lambar tagulla. A 1958 ya samu lambar azurfa a gasar ƙasashe rainon Ingila da aka yi a Cardiff. Sai dai a Ingila ta wancan zamani tseren keke bai ciyar da mai yin sa. Kuɗin sana'ar yana Faransa da Beljiyam da Italiya.

Ci-rani a Faransa

A watan Afrilun 1959 ya ɗauki kekunansa da 'yan kuɗin da ya tara, ya tsallaka teku zuwa garin Saint-Brieuc na Faransa, ba ya jin harshen mutanen garin sosai. Cikin 'yan watanni ya ci tsere da dama, har wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi. Kafin shekarar ta ƙare ya zo na huɗu a gasar duniya. Daga baya ya yi aure, ya zauna da iyalinsa a birnin Ghent na Beljiyam.

Nasarorinsa sun biyo juna. A 1961 ya ci tseren Flanders, ɗaya daga cikin manyan tseren yini guda a duniya. A 1962 ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya sanya rigar nan mai ruwan ɗorawa da ake bai wa wanda ke kan gaba a gasar Tour de France, ko da yake yini ɗaya ya yi da ita, ya kuma ƙare gasar a matsayi na shida. A 1963 ya ci tseren Bordeaux zuwa Paris mai tsawon fiye da kilomita 550, a 1964 kuma ya ci na Milan zuwa San Remo. Shekarar 1965 ce ta fi kowace: a San Sebastián ta ƙasar Sifaniya ya kayar da Bajamushe Rudi Altig ya zama zakaran duniya, ya ƙara da tseren Lombardy a Italiya, sannan masu kallon BBC suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na shekara, ɗan tseren keke na farko da ya samu wannan girma.

Mai kula da abin da yake ci

Abin da ya bambanta Simpson da yawancin tsaransa shi ne yadda ya ɗauki abinci da muhimmanci. Tun 1956, lokacin da ya zauna wurin tsohon ɗan tsere Cyril Cartwright don neman horo, ya yarda cewa abin da mutum ya ci shi ne zai tuƙa masa keke. Ya karanta rubuce-rubucen Bafaranshen nan Raymond Dextreit a kan amfanin ruwan 'ya'yan itatuwa da ganyaye, kuma masu tarihinsa sun rubuta cewa a lokacin hunturu yakan sha ruwan karas da aka matse daga kusan kilo huɗu da rabi a kullum. Yana yawan cin tafarnuwa da naman tantabara, yana lura da nauyinsa, yana kuma neman duk wata dabara da za ta ƙara masa ko da taƙi guda ne a kan abokan karawarsa.

Wannan neman ne ya kai shi ga alheri, shi ne kuma ya kai shi ga halaka, domin a zamaninsa ilimin ciyar da ɗan wasa bai nuna ba. Masu horarwa da yawa sun yi imani cewa shan ruwa a lokacin tsere alamar rauni ce, kuma yana sa ciki nauyi. Dokar Tour de France ta taƙaita ruwan da ake bai wa ɗan tsere zuwa gora huɗu, kimanin lita biyu, a tafiyar da kan ɗauki awa shida ko bakwai a cikin rana, kuma ba a yarda motar ƙungiya ta miƙa masa ƙari ba. Saboda haka 'yan tsere sukan yi tsalle daga kan keke su afka shagunan shaye-shaye na bakin hanya, su wawuri duk kwalbar da hannunsu ya kai, lemo ne ko giya.

A daidai waɗannan shekaru ne masana suka fara gano gaskiyar lamarin. A 1965 likita Robert Cade na Jami'ar Florida a Amurka ya haɗa abin sha mai ruwa da gishiri da sukari domin 'yan wasan da zufa ke ƙarar da su, wanda daga baya aka san shi da Gatorade. A 1966 da 1967 kuma masu bincike a Suwidin, ciki har da Jonas Bergström da Eric Hultman, suka nuna cewa jiki yana taskance sukari a cikin tsoka, cewa juriyar mutum ta danganta da yawan wannan ajiya, kuma abinci mai sitaci irin su hatsi da dankali ne ke cika ta. Ajiyar ba ta wuce aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan aikin mai tsanani ne. In ta ƙare ba a ci wani abu ba, ƙafa takan mutu, kai ya yi jiri. Wannan ilimi bai kai ga hanyoyin Faransa a kan lokaci ba.

Sana'ar da ƙwaya ta zama ruwan dare

Giɓin da rashin ilimin abinci ya bari, ƙwaya ce ta cike shi. Amfetamin ta yaɗu a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka riƙa bai wa sojoji da matuƙan jirage don kada barci ya ɗauke su, bayan yaƙin kuma ta shiga fagen wasanni. A tseren keke ta zama abin da kowa ya sani. Jacques Anquetil, Bafaranshen da ya ci Tour de France sau biyar, bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba cewa ba a yin irin wannan wahala da ruwa zalla. Mutuwar ɗan Denmark Knud Enemark Jensen a tseren Olamfik na 1960 a Roma, cikin tsananin zafi, ta tayar da zargin shan ƙwaya, amma ba ta sauya hali ba.

A 1965 Beljiyam da Faransa suka kafa dokokin hana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni. Da aka fara gwajin fitsari a Tour de France ta 1966 a Bordeaux, washegari 'yan tsere suka sauka daga kan kekunansu suka riƙa tura su da ƙafa don nuna fushi. A ganinsu an shiga hurumin sana'arsu. Simpson ɗan wannan zamani ne. Abokan tafiyarsa sun ba da labari bayan mutuwarsa cewa yana sayen ƙwayoyinsa da tsada, yana kuma kallon su kamar yadda yake kallon ruwan karas, wato wani ɓangare na kayan aiki.

Gasar 1967

Bayan zama zakaran duniya, al'amura sun juya masa baya. A farkon 1966 ya karya ƙafa a wasan zamiya a kan ƙanƙara, ya yi asarar kuɗin da rigar zakara kan jawo. Bai kammala Tour de France ba a 1965 da 1966 saboda rauni da rashin lafiya. A 1967 ya farfaɗo, ya ci tseren Paris zuwa Nice da zango biyu a gasar Sifaniya, amma ya kusa shekara 30, yana da mata da 'ya'ya mata biyu, kuma ya san kwanakin ɗan tsere ƙidayayyu ne. A wancan lokaci mafi yawan kuɗin ɗan tsere yana fitowa ne daga ƙananan wasannin gari-gari da ake yi bayan Tour, inda ake biyan kowa gwargwadon matsayin da ya samu. Ana kuma maganar sabuwar kwangila da wata ƙungiyar Italiya. Ya shiga gasar da niyyar ƙarewa a cikin ukun farko, ko ya sake sanya rigar mai ruwan ɗorawa.

Gasar ta wannan shekara ta kusa kilomita 4,800 cikin mako uku. Bayan makon farko yana matsayi na shida. Da aka shiga duwatsun Alps sai ciwon ciki da gudawa suka kama shi, abinci ya daina zama a cikinsa. Wasu na kusa da shi sun ba shi shawarar ya haƙura ya koma gida, wasu kuma suka tuna masa abin da zai rasa. Ya zaɓi ya ci gaba, yana matsayi na bakwai.

Zango na 13 ya tashi daga Marseille zuwa Carpentras, kilomita 211 da ɗoriya, ta kan dutsen Ventoux mai tsayin kimanin mita 1,910. Saman dutsen farin tsakuwa ne fetal, babu itace babu inuwa, rana na dukan ƙasa tana dawowa fuskar mutum. Rahotanni sun ce zafin ranar ya haura digiri 40. Tun da asuba likitan gasar, Pierre Dumas, ya bayyana fargabar cewa duk wanda ya sha ƙwaya a irin wannan yanayi yana wasa da ransa. Shaidu sun ce kafin a fara hawan, Simpson ya kurɓi barasa mai ƙarfi.

Ya fara hawan tare da na gaba, sannan ya soma ja da baya. Can kusa da ƙololuwa aka ga kekensa na tangaɗi daga wannan gefen hanya zuwa wancan, har ya faɗi. Makanikensa Harry Hall da manajan tawagar Alec Taylor suka ruga wurinsa. Hall ya so ya tsaya haka nan, amma Simpson ya nuna sai ya ci gaba, suka ɗora shi suka tura. Bai yi rabin kilomita ba ya sake tafiya luu, 'yan kallo suka tare shi. Ya riga ya suma, amma hannuwansa na damƙe da kan keken, sai da aka ɓamɓare su. An yi ta hura masa iska ana danna ƙirjinsa, Dumas ya sa masa na'urar numfashi, daga bisani jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti a Avignon, inda aka tabbatar da mutuwarsa da ƙarfe 5:40 na yamma.

Abin da ya faru a jikinsa

Hukuma ta ce zuciyarsa ce ta tsaya saboda matsananciyar gajiya, binciken gawa kuma ya gano amfetamin da barasa a jikinsa. Idan aka jera abubuwan, za a ga yadda kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Gudawa ta kwanaki ta zubar masa da ruwa da gishirin jiki. Rashin cin abinci ya hana shi cika ajiyar sukarin tsokarsa. A irin wannan zafi mai aiki tuƙuru yakan zubar da zufa lita ɗaya zuwa biyu a kowace awa, kuma da zarar ruwan da ya fita ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin mutum, ƙarfinsa yakan fara raguwa, jini ya yi kauri, zuciya ta ƙara wahala. Barasa tana ƙara fitar da ruwa, tana kuma dusashe hankali.

Hausawa na cewa jiki magayi. Gajiya da jiri da ƙishirwa saƙo ne da jiki ke aikawa cewa a dakata, kuma da Simpson na jin saƙon da ya sauka tun a gindin dutsen, ko jikin ya tilasta masa sauka. Amfetamin ba ta ƙara wa tsoka ko ƙwayar sukari ɗaya, ba ta mayar da ɗigon ruwa ɗaya. Aikinta shi ne ta zaburar da ƙwaƙwalwa, ta hanzarta bugun zuciya, ta ƙara zafin jiki, sannan ta toshe kunnen mutum daga jin gargaɗin. Da haka mutumin da ya fi kowa auna abincinsa ya hau dutse da ciki wayam, ya wuce iyakar da jikinsa zai iya ɗauka ba tare da ya sani ba.

Bayan mutuwarsa

Washegari 'yan tsere suka amince ɗan Birtaniya ya ci zangon ranar don girmama shi, Barry Hoban ne ya shiga garin Sète a gaba. An binne Simpson a Harworth a gaban dubban mutane, ciki har da abokin ƙungiyarsa Eddy Merckx na Beljiyam, wanda daga baya ya zama gagarabadan tseren keke.

Da yake kyamarori sun ɗauki faɗuwarsa, duniya ta ga abin da aka daɗe ana rufewa. An tsananta gwaji a tseren keke, aka kuma sassauta dokar ruwa a shekarun da suka biyo baya. A 1968 aka fara gwajin 'yan wasa a gasar Olamfik, a Grenoble da birnin Mexico. Duk da haka matsalar ba ta mutu ba, sai dai ta sauya kama: an ƙwace zinaren Ben Johnson a Seoul a 1988, abin kunyar ƙungiyar Festina a Tour ta 1998 ya kai ga kafa hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999, sannan a 2012 aka ƙwace kambu bakwai na Lance Armstrong. Najeriya ma ta ɗanɗana: an dakatar da Blessing Okagbare ana tsakiyar gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, daga baya aka haramta mata wasa na shekara 11.

A ɓangaren abinci kuwa an samu ci gaba na gaske. Ɗan tseren Tour na yau yana ci yana sha a kan keke tun daga farkon zango har ƙarshensa, ana auna masa sitaci da ruwa da gishiri awa-awa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake gudun da mutanen zamanin Simpson ba su yi ba.

Daga Ventoux zuwa Mile 2

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka fi damun Najeriya ita ce Tramadol, maganin kashe zafin ciwo da mutane ke sha don su jure aiki. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma suna shan irin su Tramadol ba da umarnin likita ba. Hukumar NDLEA da ta Kwastam sun sha kama kwantenoninta a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, waɗanda hanyarsu ta bi ta Mile 2. Ƙarfin da aka amince da shi a Najeriya miligiram 50 ne da 100, amma na fasa-ƙwauri yakan kai 225.

Abin lura shi ne wannan ƙwaya ta shiga tseren keke ma. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta a 2019, a 2022 aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolombiya ya samu a Tour de France saboda ita, WADA kuma ta sanya ta cikin haramtattu tun daga Janairun 2024. Hanyar aikinta ta bambanta da ta amfetamin, amma ƙarshensu ɗaya ne: mutum ya daina jin abin da jikinsa ke faɗa masa. Ɗan damben da ba ya jin zafin naushi zai tsaya ya sha wanda ya fi ƙarfin kansa. Ɗan dakon da ba ya jin ciwon baya zai ɗauki buhun da zai nakasa shi. Bayan haka akwai farfaɗiya da jiri da kamuwa da jarabar da ke cinye abin da aka samu.

Ba kowane abin ƙara kuzari ne haramtacce ba. Goro, wanda cinikinsa na cikin abubuwan da suka zaunar da Hausawa a Agege, yana ɗauke da sinadarin kafin irin na kofi da shayi, kuma WADA ta cire shi daga jerin haramtattu tun 2004. Shi ma dai ba ya maye gurbin abinci. Abin da ɗan wasa ke buƙata yana nan a kasuwanninmu da araha: tuwo da fura da kunu da dabino don cika ajiyar tsoka, wake da nono da ƙwai da nama don gyara ta, ruwa kafin wasa da lokacinsa da bayansa, ruwan gishiri da sukari idan an yi gudawa ko zufa mai yawa, sai kuma barci. Wanda ya kwana da zazzaɓi ko ciwon ciki ba shi da abin yi a fage washegari, komai yawan kuɗin da aka sa.

Wannan nauyi bai tsaya kan ɗan wasa shi kaɗai ba. A ranar da Simpson ya mutu akwai masu shirya gasa da suka ƙayyade ruwa, da masu kuɗi da ke jiran sakamako, da 'yan kallo da ke son a ci gaba. Masu gidajen dambe da masu horar da ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo da shugabannin 'yan dako a unguwannin Hausawa na Legas suna tsaye a irin wannan matsayi, kuma su ne za su iya cewa yaro ya zauna yau.

A wurin da Simpson ya faɗi, kimanin kilomita ɗaya kafin ƙololuwar Ventoux, an kafa dutsen tunawa da shi. Har yau masu hawa dutsen a kan keke sukan tsaya a nan su ajiye wani abu daga kayansu, kuma abin da suka fi bari shi ne gorar ruwa.